Ragon Nowel da Ba Ni Na Yanka Ba

Shekarun baya, lokacin ina zaune ƙauyenmu can yamma da Gidan Rumji, ina riƙe da wani muƙami da ba sarki ne ya naɗa ni ba, kuma ba albashi gare shi ba. Ni ne mai yanka ragon Kirista. Gidan Kirista ɗaya tak gare mu a duk garin, gidan mahaifin abokina, kuma duk ranar Nowel, wadda mutanen Najeriya ke ce wa Kirsimeti, ni ake jira da wuƙa. Gado na yi. Mahaifina ne yake yi, da ya rasu aka ce to, ɗansa ya karɓa.

Ga wanda bai san al'adar ba, a wajenmu Kirista in zai yi biki ba ya yanka da hannunsa. Musulmi yake kira ya fuskantar da dabbar gabas ya yi bisimilla, don maƙwabta su ci hankali kwance. In an dafa sai a zuba a kwanoni a bi gida-gida, kamar yadda mu ma muke kai musu na Layya. Kwano kuma ba ya komawa wofi, ko 'yar gyaɗa ce ko dabino sai an jefa a ciki. Abin da ba a so shi ne ya koma da abincin da aka kai. Ni dai da alfahari nake aikin nan, amma kada in cika ku da daɗin baki, ba duka don zumunci ba ne. Wuyan rago na mai yanka ne, ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son wuya.

Tsohon, Baba muke ce masa mu duka. Yana saurayi ya yi doguwar jinya a wani asibitin mishan wajen Maradi, ya dawo da lafiya, ya kuma dawo da addini. An yi surutu a lokacin, aka gaji aka bari. Ya yi aure, ya yi noma, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa a cikinmu. In ana gayya yana gaba, in an yi rasuwa da shi ake haƙa kabari, sai an zo salla ya ja gefe ya cire hula. Ran Lahadi ya hau jakinsa ya tafi majami'a a wani gari da ke gabanmu.

Abokina kuwa aikin walda yake a Maradi, ya yi ɗan gini, har ya ware wa iyayen ɗaki. Duk zuwan da zai yi maganar ɗaya ce: "Baba, ka tsufa. Majami'a nesa, likita nesa, ga ku ku kaɗai a gari. Ku taho mu zauna tare." Baba sai ya kaɗa kai ya ce, "Muddin garin ga na cin abincina ina cin nasu, ni ɗan gari ne. Ranar da kwanona ya dawo mani da abincina, ka zo da mota." Ya sha faɗin haka a gabana, muna dariya, don a ganinmu ya ajiye sharaɗin da ba zai taɓa cika ba ne.

A shekarar da nake ba ku labari, ana gobe Nowel na tafi kasuwa can wajen Cadakori sayen wake. A hanyar dawowa motar da muka shiga ta ce ga garinku nan. Direba ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce sai an kawo ƙarfe daga Maradi. Muka kwana a wani ƙauye, lokacin kuma waya ba ta game hannun kowa ba balle in aika. Da gari ya waye na bar wa wani amanar buhunana, na yi ta faman neman kabu-kabu, ban shigo gari ba sai dab da azahar. Na faɗa gida na zari wuƙa, ko ruwa ban sha ba, na nufi gidan Baba ina ta shirya haƙurin da zan bayar.

Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Ina shiga na ga fata shimfiɗe an barbaɗa mata toka, ga manyan tukwane bisa murhu suna tafasa. Na tsaya da wuƙa a hannu kamar wanda ya zo biki bayan an watse.

Abin da ya faru shi ne, Baba da abokina sun yi sammakon majami'a, suka bar sallahu cewa in na zo in yanka. Rana ta ɗaga ban zo ba, mata suka fara kai-kawo suna cewa abinci zai makara. A gidan akwai baƙo, mijin ƙanwar abokina, direba ne haifaffen birni, wannan ce Nowel ɗinsa ta farko a ƙauyenmu. Bawan Allah ya ga surukarsa cikin damuwa, ya ga rago ɗaure, ya ga wuƙar girki, sai ya naɗe hannun riga. Kafin tsohuwar ta fito daga ɗaki ta ce a'a, aikin gama ya gama. Ya kira sunan Yesu Almasihu ya yanka. Matan suka ga ba yadda za su yi, suka dafa, suka juye duk shinkafar gidan cikin romon.

Shi har lokacin bai ga laifinsa ba, gani yake taimako ya yi. Da abokina ya dawo daga majami'a ya yi masa bayani sai ransa ya sosu. Ya ce, "Yanzu bikin haihuwar Mai Cetonmu, sai mun jira wanda bai yarda da shi ba ya zo ya riƙe mana wuƙa?" Na ce, "Haba malam, wa ya ce maka ban yarda da Annabi Isa ba? Ai wanda bai yarda da shi ba, ba Musulmi ba ne." Ya ce, "Annabi kuka ce. Mu ba nan muka tsaya ba." Na ce to, nan kam hanya ta rabu. Ba mu ƙara ba, don ni ba malami ba ne, shi ma ba fasto ba.

Sai shawarwari suka fara fitowa. Wata gwaggon abokina ta ce ai ga kan ragon can ba a babbake ba, in ɗan goga masa wuƙata in yi bisimilla, shi ke nan. Duk da halin da ake ciki sai da na yi dariya, na ce Gwaggo, ba a yanka rago sau biyu. Na ce ina da akuya a gida, bari in jawo ta. Baba, wanda tun shigowata yake zaune bisa tabarma, ya ce, "In ka yanka akuyarka ka ci, wa ya ciyar da wa?" Abokina ya ja ni gefe ya rage murya. "Ba wanda zai tambaya. Kowa ya san kai ne mai yanka. Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba, ka yi shiru kawai."

Allah ya rufa mini asiri ban kai ga ba shi amsa ba, don kunnen tsohon nan ya fi na zomo. Ya ce, "A'a. Shekara da shekaru mutanen ga na cin abincina bisa amana. Ba ni ba su abin da in sun sani ba su ci. Wanda nake bi bai koya mani haka ba. Ku zuba kamar kullum, ku kai, kowane gida ku faɗi wanda ya yanka da abin da ya ce." Ya dube ni ya ce, "Kai ma ka bi shi, ɗana. Bakinka suka saba ji a kan naman ga."

Haka muka jera kwanoni a amalanken jaki, ni da abokina, muka fita.

Gidan liman muka fara. Sa'an Baba ne, tare aka yi musu kaciya, har tsufansu ba su bar tsokanar juna ba. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Mi ya ce da za shi yanka?" Abokina ya faɗa. Liman na jin sunan ya ce, "Alaihis salatu wassalam." Daga nan ya gyara zama, na san mun shiga uku. Ya ɗauko tarihin Annabi Isa tun daga haihuwarsa ba uba, da maganar da ya yi yana jariri, da makafi da kutaren da ya warkar, da matattun da ya tayar da izinin Allah. Yana yi idonsa na kawo ruwa, abinci kuwa na hucewa a amalanke. Can ya ce, "Abincin ma'abota littafi halal ne gare mu. Da sunan Allah ya kira, da yanzu na wanke hannu. Amma wuƙa suna ɗaya gare ta. Wallahi ko sunan Annabinmu aka kira bisa rago, ba ni ci." Ya laluba aljihu ya ciro goro. Sai ya rasa inda zai sa shi, tunda kwanon a cike yake. Ya danƙa wa abokina a hannu ya ce, "Ka ce ma ɗan'uwana ya yi haƙuri."

Kun san ƙauye. Kafin mu fita daga lungun liman labari ya riga mu kaiwa bakin rijiya.

A fadar samari, inda suke zaman shayi gindin bishiyar bedi, ba mu ma buɗe baki ba. Wani da ya yi karatu a birni ya ce shi dama ko na shekarun baya bai ga dalilin cin sa ba, tunda bikin masu cewa Allah yana da ɗa ne. Wani ya ce ai Annabi Isa zai dawo ƙarshen duniya, shi da kansa zai raba gardamar nan. Wani kuma ya dubi abokina ya ce, "Mu fa mun fi ku son shi." Akwai ɗaya a cikinsu da duk shekara shi ke suɗe kwano, ranar sai haɗiyar miyau da kallon amalanke. Abokina ya ce, "Mun gode," ya ja jaki. Tare muka yi lakol, wato makarantar boko, da abokin nan nawa, na san in ya ce mun gode da wannan muryar to a bar shi kawai.

A unguwar Buzaye, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga arewa suka zauna noma, tambaya ɗaya aka yi mana: liman ya ci? Muka ce a'a. Suka ce to in liman bai ci ba, su wa? Wata tsohuwa da ke sussukar gero ta dakata ta ce, "Wai wannan Isan, ba shi ne ɗan Maryama ba? Wanda ba shi da uba?" Na ce shi ne, Iya. Ta ce, "Allah sarki, maraya!" Ta ci gaba da sussukarta. Na buɗe baki zan gyara mata, abokina ma ya buɗe nasa, sai muka dubi juna muka fasa, don gyaran nawa da nasa ba iri ɗaya ba ne.

Na ƙarshe shi ne Bafulatanin da ke ruga bayan gari, wanda a hannunsa Baba ya sayi ragon tun yana ƙarami. Muka yi masa bayani dalla-dalla. Yana dogare da sanda ya tambayi abokina, "An ce mutumin naku makiyayi kuke ce mai?" Abokina ya ce e, makiyayi nagari. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ya san wahala." Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya shiga bukka. Jim kaɗan matarsa ta fito da shi an wanke tas an cika da nono. Shi ya ci, ko baƙo ya ba, ko fulako ne kawai ya hana shi mayar da hannun kyauta baya, har yau ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da muka koma, na iske mahaifiyata a gidan. Ita tata al'adar daban ce. Duk Nowel sai ta dama kunun kanwa ta kai wa mahaifiyar abokina, wai tunda bikin haihuwa ake, ba a zuwa barka hannu rabbana, kuma abin mai jego kunun kanwa ne. An gaya mata haihuwar nan ta daɗe, ta ce ba ruwanta. Ranar ma ta kawo. Na same su zaune bakin murhu, tana cewa, "Mace ta yi naƙuda ita kaɗai gindin dabino, ba uwa ba ungozoma, ba wanda ya tuna da ita, ku maza kuna can kuna gardamar wuƙa." Tsohuwar ta ce su a littafinsu a wurin dabbobi ta haihu. Mahaifiyata ta ce, "Ko ina ne, ta sha wuya." Suka haɗu a kan wannan. Amma da aka turo mata kwanon shinkafa, sai ta ce ta ƙoshi.

Muka sauke kwanonin a gaban Baba, muka jera. Ya bi su da hannu yana ɗaga murfi yana mayarwa. Duk yadda aka zuba haka suka dawo, mai ya daskare a sama, in ban da na nonon nan. Surukin nasa yana tsaye jikin bango, sai lokacin ya gane girman abin, ya durƙusa yana ba da haƙuri. Baba ya ce ya tashi, ba shi da laifi.

Sai Baba ya jawo wani ƙaramin kwano daga bayansa. Wuyan ne. Matan sun ware mini shi bisa sabo. Ya dube shi, ya dube ni, kafin in yi magana ya ce, "Na san ba ka ci. Kada ka wahal da bakinka." Ya mayar da murfin. Jama'a, na ji zafin wannan. Na fi son ya zage ni. Kuma gaskiya ya faɗa, ba zan ci ba.

Ya tambayi abin da kowane gida ya ce, abokina ya zayyana masa bai rage ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ɗan murmushi ya ce, "To madalla. Duk garin ga ba wanda bai yabi Ubangijina ba yau. Abincina ne dai ba a ci ba." Sannan ya ce wa abokina, "In ka koma, ka nemo mota."

Washegari da hantsi liman ya zo da kansa, da dattawa a bayansa. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, tsufa ya sa ka yarinta? Kuskuren baƙo ne. Baɗi yaron ga ya yanka, mu ci har mu yi santi, kamar yadda muka saba." Baba ya ce, "Na sani. Ba fushi na yi ba, kuma ba ku yi mani laifi ba. Kowa ya tsare addininsa, ni ma nawa na tsare. Abu guda ne na gano. Da can na ɗauka abincina kuke ci. Ashe duk shekarun ga hannun yaron ga kuke ci, da na ubansa."

Liman, mutumin da ba a taɓa kayar da shi a magana ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da tasbaha. Ni da aka nuna da baki na rasa inda zan sa idona.

Ba a daɗe ba mota ta zo. Garin kaf ya fito lodin kaya, har samarin fada, su ne ma suka ɗora gadon tsohuwar. Gonarsa ya ƙi sayarwa, ya bar wa gidanmu aro. Ya yi 'yan shekaru a Maradi, abokina ya ce kullum yana zaune ƙofar gida yana gaida masu wucewar da ba su san shi ba. Da ya rasu muka cika mota muka je, har da liman, wanda da ƙyar yake tafiya. Muka zauna a waje jikin bangon majami'ar har suka gama addu'o'insu, sannan muka bi gawar.

Na daɗe ina juya ranar nan a raina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba. Surukin Baba taimako ya yi niyya. Liman abin da ya sani ya faɗa, kuma ko yau aka sake kawo mini irin naman ba zan ci ba. Baba da ya so da ya bar mu muka ci cikin rashin sani, bai yi ba. Mutum ɗaya aka yi ta ambata daga wannan ƙofa zuwa waccan, wani ya ce Mai Ceto, wani ya ce Annabi, wata ta ce maraya, wani ya ce makiyayi, ba wanda ya ambace shi da mugun baki. Duk da haka tsoho ya bar garin da aka binne cibiyarsa.

Abu ɗaya ne nake ganin Baba bai yi mana adalci a kai ba. Wanda ba ya ƙaunarka ba ya neman dabarar da zai ci abincinka, kuma wuƙar nan tamu dabara ce da iyayenmu suka samo don kada a rabu. Sai dai wannan amsar ba ta zo mini ba sai bayan shekaru, ina tsakiyar gonarsa ina noma, lokacin mai jin ta ya riga ya kwanta dama. Ban ma tabbata za ta gamsar da shi ba. Mai yiwuwa ya ce mini, to ai shi ma abin da ya faɗa ke nan.

Gidan nasu yana nan, wani malamin lakol ke haya a ciki. Yaran da aka haifa bayan tafiyarsa ba su san an taɓa yin Kirista a garinmu ba. Har yau in Nowel ta zo abokina yakan kira ni a waya, ya tambayi gona, in tambayi iyali, mu yi dariyar tsufan da ya fara kama mu. Maganar ragon nan ba mu taɓa tayar da ita ba.